Layin Da Na Saro A Hannun Surukina

Assalamu alaikum Edita. Na ga ƙa'idar wannan fili ita ce ba a ambaton suna. Wannan bai yi mani wuya ba, don mutumin da labarin ya shafa ko a cikin gidana ban taɓa furta sunanshi ba. Mijin ɗiyata ta fari ne. In zan yi maganarshi sai in ce mutanen Kano, kowa ya gane wanda nake nufi.

Lokacin da abin ya faru na haura arba'in, ina zaune Kankiya da iyalina. Boko a aji uku na sakandare na tsaya, ba don kai ba ya ja ba, tsohona ne ya kwanta ciwo kuma babu mai riƙe gona. Na yi awon gyaɗa a Kunduru, na yi cajin waya, na buɗe shagon fotokwafi kusa da sakatariya, a hankali na ƙara kwamfutoci har wurin ya zama inda ake zuwa cike takardu ta intanet. Halina kuma kowa ya san shi a garin. Ba ni da kwana-kwana. In kayanka ba su da kyau zan gaya maka a gaban jama'a, in ka ji haushi ka sha ruwa. Dillalan gyaɗa sun sha ɓoye buhu in suka hango ni, don sai na zura hannu har ƙasa kafin in yi ciniki. Da wannan halin na tara ɗan abin da na tara, kuma ina alfahari da shi.

A shagon nan na lura da wani abu. Makarantun kuɗi, masu kemis, ƙaramin asibitin da ke bayanmu, ƙungiyoyin manoma, duk suna da bayanan da suke son adanawa, duk suna son layin intanet mai ƙarfi, kuma abu kaɗan sai an hau mota an tafi Katsina ko Kano. Na ce me zai hana a yi a nan. Ɗaki ɗaya mai sanyi, injunan ajiyar bayanai a ciki, in saro layi babba daga manyan diloli, in riƙa raba wa mutane ta dogon ƙarfe, Kankiya har Kusada. Na sayar da rabona na gonar gado a Kunduru. Ƙannena ba su ji daɗi ba, na ce masu ba nasu na sayar ba. Na ware ɗaki a jikin zauren gidana da ke manne da shagon, na sa sola, na jera batura, na sa esi, na ɗauko injiniya daga Katsina ya haɗa komai.

Injiniyan nan bai ɓoye mani komai ba, gaskiya ba zan ɗora mashi ba. Ya ce Alhaji, duk wannan ƙarfen da ka saya banza ne in layin da ka saro ba shi da kyau. Ya ce duk dilan da ya zo, in tambaye shi layin nawa ne ni kaɗai ko na tarayya ne, in na tarayya ne mu nawa ne a kai. In tambaye shi in ya yanke wa zan kira, kuma wa zai ɗauki asarar, a sa a rubuce. In tambayi ta ina wayarsu ta biyo. Abin da ya fi nanatawa shi ne kada in kuskura in tsaya a dila ɗaya. In ɗauki biyu, kuma hanyarsu ta bambanta, ɗaya ta wayar da aka binne a gefen kwalta, ɗaya ta iska, yadda in masu gyaran hanya suka tsinke wannan, waccan tana nan. Na ce wannan ai aikina ne, tambaya ba ta ba ni tsoro.

Kuma na yi. Kamfani biyu suka turo wakilansu. Na farkon ya zo da kwat cikin zafin bazara, na zaunar da shi a benci na yi ta tatsar shi har ya cire kwat ɗin, ya fita waje ya kira ogansu ya dawo. Na ce mashi ni ɗan awo ne, kada ya nuna mani saman buhu. Na biyun ya fara yi mani turanci, na ce ya sauko ƙasa, in bai iya bayanin kayanshi da Hausa ba to shi ma bai san su ba. Ƙarshe dukansu suka yarda da sharuɗɗana. Saura sa hannu kawai.

A tsakanin nan uwar yara ta ba ɗiyar labari a waya, irin hirar uwa da ɗiya. Ni dai na san mijin yana harkar intanet a Kano, ban taɓa bin diddigi ba, don ba a zama da suruki a yi hirar sana'a. In ya zo gaisuwa tun daga zaure yake cire takalmi, ya durƙusa nesa da ni, ni ina kallon gabas shi yana kallon ƙasa, mu gaisa ya tashi. Ba ya cin abinci inda nake, ni ma ba na ci inda yake. Haka muka taso muka gani, kuma ni ban ga laifin abin ba.

Ba a daɗe ba sai ga taubashina ya shigo shago yana washe baki. Ɗan gwaggona ne, tsohon masinjan ƙaramar hukuma, tun muna yara ba ma haɗuwa sai mun tsokani juna, kuma shi ne ya karɓi sadakin yarinyar, don haka duk saƙon da ke tsakanina da mutanen Kano ta hannunshi yake bi. Ya ce ubangidan ƙarya, ashe abin kunya kake shirin jawo mana. Wai yaron, mijin ɗiyar, ya kira shi kamar zai yi kuka, ya ce ya za a yi Baba ya je waje sayen abin da shi yake sayarwa, in abokan sana'arshi suka ji da wane ido zai dube su. Wai a gaya wa Baba ya bar komai a hannunshi.

Edita, duk tambayoyin da na yi wa mai kwat suna bakina a lokacin. Ko ɗaya ba ta fito ba. Na ce wa taubashin ya tambayo mani farashi, ya dawo ya ce yaron ya ce subhanallahi, Baba ya riƙa ba da abin da ya sauwaƙa. Na ce to takarda fa. Taubashin ya dube ni ya ce a ina na taɓa jin an sa suruki ya sa hannu, ko so nake a yi da mu a majalisa. Na bar maganar takarda. Da injiniya ya tayar da maganar layi na biyu, uwar yara ce ta kashe ta. Ta ce ƙarfen nan kowa na ganin shi daga bakin kasuwa, ranar da aka ga farantin kama layi har biyu a kai, an gaya wa gari duka ban yarda da mijin ɗiyata ba, kuma ɗiyar ce za ta zauna da wannan magana a ɗakinta, ba ni ba. Injiniya ya naɗe wayoyinshi ya ce Allah ya ba da sa'a, Alhaji. Wakilan kamfanonin nan suka yi ta kira, na daina ɗauka.

Aka haɗa layin mutanen Kano, aka yi walima, liman ya yi addu'a. Da sassafe abin gwanin sha'awa, kana taɓawa yana buɗewa. Rana na ɗagawa sai ya fara ja da baya, zuwa azahar kamar jakin da aka yi wa lodin taki. Mai kemis ya fara ƙorafi, asibiti suka aiko, masu POS na Kusada suka ce ranar kasuwa sai sun koma kan datar wayarsu. Ni da ban iya kwana-kwana ba, sai ga ni ina koyo da girmana. Yau in ce hadari ne, gobe in ce zafi ya yi wa injin yawa, jibi in ce daga sama ne, ko'ina haka ake fama. Injiniya ya zo ya duba ya ce injunana lafiya lau, layin ne ake rabawa da mutane da yawa, da safe kafin su tashi nawa ne, in sun tashi na zama ɗan rakiya.

Sai in kira taubashi in ba shi saƙo da zafinshi. In ce ya gaya masu abin nan ba ya aiki, mutane na zagina, a faɗa mani mu nawa ne a kan layin. Ya ce an gama. Wata rana ya yi kiran a gabana, a nan na ji yadda saƙona yake isa. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi zafin Kano, ya tambayi jikin mahaifiyar yaron, sannan ya ce Baba na ta sa albarka, ya ce dai in an samu sarari a ɗan leƙa mashi abin nan, ba wani abu ba ne. Da ya kashe na taso mashi, ya ce in na iya in karɓi wayar in faɗa da bakina, ga lambar nan. Ban karɓa ba. Ya yi dariya ya ce ashe bakin nawa na 'yan gyaɗa ne kawai.

Bayan kowane saƙo layin kan gyaru na ɗan lokaci, sai ya koma gidan jiya. Kuma kowane saƙo sai ya dawo da wani abu, yau buhun shinkafa, gobe turare, da Sallah shadda ɗinkakkiya har da hula. Ka gaya mani yadda za ka yi wa mutum ƙorafi kana sanye da rigarshi.

A haka muka kai lokacin rajistar jarrabawar fita sakandare. Hukumar jarrabawa ta amince da wurina, ta yi wa layina rajista, wato daga kanshi kaɗai za a iya tura hoton yara da zanen yatsunsu, datar waya ba ta karɓuwa. Wata makaranta a Kusada ta ba ni aikin ɗalibanta na ajin ƙarshe. Shugabar makarantar wata Hajiya ce, tsohuwar malama, irin waɗanda in suka dube ka ta saman tabarau sai ka gyara tsayuwa. Yawancin yaranta 'yan Mawashi da Dudunni ne, iyayensu ba sa iya biya sai sun sayar da wake, shi ya sa ba ta samu kawo su ba sai ranar da za a rufe. Ta tambaye ni tun kafin ranar ko layina zai ɗauka. Na ce zai ɗauka.

Ta kawo su da safe a bayan a-kori-kura, sun sha wanka, wasu da aron takalmi. Na farkon suka wuce lafiya. Da hantsi ya yi abin ya fara juyawa a allo, yana juyawa, yana juyawa. Yaro zai ɗora yatsa, a jira, ya faɗi, a sake. Yaran suka zauna a inuwar bango suna cin ƙuli-ƙuli suna dariya, ba su san abin da ke faruwa ba. Na fito da wayata. Lambar tana ciki, na ajiye ta da sunan Kano. Na dube ta na mayar aljihu, na aika a kira mani taubashi.

Ya zo yana saɓa babbar riga, ya kira, ya fara da yara sun tashi lafiya. Yana cikin tambayar jikin mahaifiya Hajiya ta miƙa hannu ta karɓe wayar daga kunnenshi. Ba ta yi sallama ba. Ta ce kai ne mai layin nan, mutum nawa ka ɗora a kai, kuma za ka iya sauke su yanzu ko ba za ka iya ba, yara na zaune a rana. Tambayar da na kasa yi tun farko, ta yi ta a numfashi ɗaya. Ta buɗe muryar wayar, duk muna ji. Surukin nawa ya ce yau ko'ina rajista ake, waɗanda ke kan layin sun riƙe shi da takarda, ba zai iya taɓa nasu ba, amma zai gwada. Ya tambaya ko Baba na kusa. Ta ce ga shi nan tsaye kamar turke. Ya ce a gaishe shi.

Har aka yi la'asar ba abin da ya canza. Da aka rufe, waɗanda ba su shiga ba sun fi waɗanda suka shiga yawa. Hajiya ba ta zage ni ba. Ta ce da ta san surukina ne da ba ta kawo yaranta ba, don ita ma tana da suruki, ta san abin da ba a iya ce mashi. Ta kwashe su suka tafi. Na kashe esi, na rufe ƙofa, na tafi masallaci, na dawo gida na ci tuwo. Na cinye kuma. Ina faɗin wannan ne don mutane na tsammanin a irin wannan rana mutum kuka yake ko ya kasa cin abinci. Ni ban ji komai ba. Kamar an yi mani allurar cire haƙori a jiki duka, kuma har yau ba ta gama sakina ba.

An bi, an roƙa, ba a sake buɗewa ba. Yaran sai shekara ta zagayo. Wasu sun jira, wasu ba su jira ba, na ji an ce akwai waɗanda suka tafi kudu ci-rani ba su dawo kan maganar ba. Wani dattijo daga Dudunni ya zo a kan keke, ya yi sallama, ya ce shi uban ɗaya daga cikin yaran ne, ba faɗa ya kawo shi ba, so yake a nuna mashi injin. Na buɗe mashi ɗakin. Ya tsaya yana kallon 'yan fitilun nan masu ƙyaftawa, ya tambaya wanne ne a ciki ya ci wa yaronshi shekara. Na ce ba ko ɗaya. Ya ce to, ya ji sanyin ɗakin dai, Allah ya kyauta. Ya hau kekenshi.

Daga nan mutane suka fara janyewa. Makarantu suka fara, asibiti ya bi, masu kemis suka zo suka kwashe bayanansu. Babu wanda ya ɗaga mani murya, gara ma da sun ɗaga. Na nemi mai kwat, ya ce har yanzu suna nan, amma a lokacin babu sauran wanda zan raba wa layin ko na saro.

Ana cikin haka ɗiyar ta zo ganin gida. Ita ma tunda ta fari ce, ba ma doguwar magana, sunanta ma ba na faɗa. Ina zaune a rumfa da hantsi, ta zauna a ƙofar ɗakin uwarta ta ba ni baya, tana tsince shinkafa, tana magana da uwar da murya daidai yadda zan ji. Ta ce mijin nata fa ba babban dila ba ne, yanki yake saya a hannun manya ya raba wa otal-otal da shaguna. Ta ce tun ranar da ya ji girman aikin ya gaya mata abin da ke hannunshi ba zai ɗauka ba, yana so ya aiko a ce Baba ya nemi manyan, ko ya ƙara da wani. Ita ce ta ce kada ya soma, ya za a yi ya ce wa ubanta ba zai iya ba, bayan an riga an ji a gari. Ta ce abin da ake aika mashi duk wata bai kai abin da yake biya ba, daga aljihunshi yake cikawa, kuma duk ranar da saƙo ya zo sai ya rage na wasu ya ƙara mana har su fara yi mashi barazana. Ta ce tun ranar rajistar nan ba ya barcin kirki. Uwar ta ce Allah sarki. Ni na ce a kawo mani ruwan alwala.

Wato da na aika an sa layi na biyu, da daɗi zai ji. Shi yana jira in nema a waje, ni ina jira ya ce ba zai iya ba, ita tana tsare mutuncinmu mu biyu, taubashi yana ta kai gaisuwa. Babu mugu a cikinmu. Yaran Mawashi da Dudunni ne suka biya.

Na sayar da injunan da araha ga wani a Katsina. Solar da baturan na bari, su ke ba gidana wuta. Ɗakin kuma gyaɗa nake zubawa a ciki yanzu, na koma awo, sai dai gonar ba ta dawo ba. Ƙarfen na nan tsaye da farantinshi ɗaya, ana hango shi daga bakin kasuwa. Auren na nan lafiya, har an ƙara haihuwa.

Ban rubuto don a ce kunya ba ta da kyau ba. Ni ma ba zan so in ga ranar da suruki zai zauna kujera ɗaya da ni yana miƙo mani hannu ba. Abin da nake cewa shi ne, duk mai shirin irin wannan sana'a, ƙarami ko babba, ya sani ba esi ko batura ke riƙe ta ba, layin da ka saro ne, kuma layi ba ranar da yake aiki ake gane shi ba, sai ranar da ya tsaya. A ranar kana bukatar mutumin da za ka kira da kanka, ka ambaci sunanshi, ka ɗaga mashi murya, ka ce ga abin da ka sa wa hannu. Ka tambaya ku nawa ne a kai. Ka ɗauki biyu ko da gari zai yi magana, maganar gari ba ta kai ta uban da ya zo a keke ba. In ɗan'uwa ko suruki ya ce a bar komai a hannunshi, ka yi mashi godiya, ka sa albarka, ka nemi wata hanyar da za ka taimaki sana'arshi, amma kada ka rataya amanar mutane a wuyan wanda ba ka iya duban idonshi. Kai ka cuci kanka, shi ma ka cuce shi.

Da Sallar da ta wuce ya zo. Ya cire takalmi a zaure, ya durƙusa inda ya saba, ni ina kallon gabas shi yana kallon ƙasa. Ƙofar ɗakin nan a buɗe take, buhunan gyaɗa na bayana, na san ya gan su. Ya tambaye ni ya aiki. Na ce alhamdu lillahi. Na tambaye shi ya nashi. Ya ce alhamdu lillahi. Ya ajiye leda a gefen tabarma ya tashi. Shadda ce, da hula.